Zuwa Ga Ɗana a Yuta, Kan Finafinan Maƙwabta

Ɗana, saƙonka na ƙarshen wata ya iso, Allah ya ƙara buɗi, ya yi maka albarka.

Akwai maganar da na so yi maka tun ina wurinku, sai na ga kullum a gajiye kake shigowa, kuma ba magana ce ta gaban yara ba. A kan finafinan nan ne da maƙwabtanku 'yan Mormon suke ba ku aro, waɗanda ka jera a ƙarƙashin talabijin kake kunna wa Abba da Ummi duk ranar Asabar kafin ka fita aiki. Da na tambaye ka, ce mini ka yi, "Baffa, ai ba komai a ciki. Ba batsa, ba zagi, ba giya. Gara su da na Hollywood." Ban tanka maka ba a lokacin. Zama na yi na kalle su tare da yaran, kuma yawancin lokaci fuskokinsu nake kallo. To, ga amsata yanzu.

Abin da ka ce babu, lallai babu shi, a nan kam ka yi gaskiya. Mutanen nan sun daɗe da damuwa a kan abin da ke shiga idon 'ya'yansu. A 1986 shugaban cocinsu na lokacin, Ezra Taft Benson, ya tsaya gaban samarinsu ya hana su kallon duk fim ɗin da aka yi wa tambarin R, wato wanda ba a barin yara su kalla sai tare da babba. A 1998, da fim ɗin Titanic ya fito a kaset, wani ɗan shagon haya a garin American Fork, nan kusa da ku, ya riƙa karɓar dala 5 yana yanke wa mutane wurin tsiraicin daga kaset ɗinsu. Daga baya kamfanin CleanFlicks ya mayar da abin sana'a sosai, yana tsabtace finafinan Hollywood yana ba da haya, har sai da kotu ta dakatar da shi a 2006, ta ce ya taka haƙƙin masu finafinan. Duk uban da ya ji wannan labari zai ga kansa a ciki. Irin wannan damuwar ce ta sa aka kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001. Saboda haka ban raina su ba, kai ma ban ga laifinka ba da ka ji hankalinka ya kwanta da su.

Inda na ga ka yi sakaci shi ne, tambaya ɗaya ka yi ka tsaya. Ka tambayi abin da babu a cikin fim ɗin, ka manta ka tambayi abin da ke ciki, da wanda ya shirya shi, da 'ya'yan da aka shirya dominsu.

Harkar finafinan 'yan Mormon ta kankama ne a shekarar 2000, lokacin da wani matashin darakta ɗan cocin, Richard Dutcher, ya fitar da God's Army, labarin 'yan mishan ɗinsu a birnin Los Angeles. Kuɗin da ya kashe bai wuce dala 300,000 ba, fim ɗin ya kawo sama da miliyan 2.5. Da 'yan'uwansa suka ga ashe akwai kasuwa, sai kowa ya ɗauki kyamara. Cikin 'yan shekaru finafinai suka yi ta fitowa, kuma in ka lura za ka ga da yawansu labari ɗaya suke juyawa: saurayi ya bar gida, ya sa farar riga da ɗan baƙin allon suna a ƙirji, ya tafi wata ƙasa shekara biyu yana ƙwanƙwasa ƙofofi. A wajensu yaro yana cika shekara 18 ake sa ran ya tafi wannan aiki, galibi da kuɗin da shi da iyayensa suka tara. Finafinan nan suna daga cikin abin da ke sa yaro ɗan shekara tara ya fara ɗokin ranar. Ba yaudara a ciki, ba su ɓoye ba. 'Ya'yansu suke yi wa tarbiyya, kuma da mu ne muke da hali, haka za mu yi wa namu.

Ran da aka kunna The Best Two Years ina zaune a bayan Abba. Samari huɗu ne 'yan mishan a ƙasar Holan, suna zaune ɗaki ɗaya. Ɗayansu gwiwarsa ta yi sanyi, ya daina taɓuka komai, sai aka haɗa shi da wani sabon zuwa, baƙauye, mai ƙwazo, wanda ko harshen ƙasar bai iya ba. Fim ne mai ban dariya, yaran sun yi ta ƙyaƙyatawa. Amma duk labarin jan mai kallo yake zuwa wuri ɗaya: shin mutumin da suke yi wa wa'azi zai yarda ko ba zai yarda ba? Ina kallon Abba yana matsowa, har ya durƙusa a gaban talabijin, ya haɗa hannuwa a baki. Da mutumin ya amince a yi masa baftisma, sai yaron nan ya yi tsalle ya ce, "Ya yarda! Kaka, ya yarda!" Murna tsakani da Allah.

Yaron bai yi laifi ba. Haka fim yake aiki a zuciyar kowa: wanda aka nuna maka wahalarsa, shi za ka so ya yi nasara. A fim ɗin Indiya yara kan yi ihu in jarumi ya kayar da bos. A nan kuwa nasarar da Abba ya yi wa tsalle ita ce mutum ya shiga addinin da ba nasa ba. Na samu na ɗan yi masa bayani a ranar. Amma Asabar nawa ta wuce kafin zuwana, ba kowa a ɗakin sai shi da ƙanwarsa, uwarsu tana kicin ko ita ma ta fita aiki?

Ya kamata kai kanka ka san abin da suka gaskata, don ka iya yi wa yara bayani ba da kame-kame ba. Wanda ya kafa cocin, Joseph Smith, ya ce a 1820, yana ɗan shekara 14, ya shiga kurmi a jihar New York yin addu'a, sai Allah da Yesu suka bayyana gare shi a siffar mutum biyu. Ya ce daga baya wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa allunan zinariya da aka binne, ya fassara su suka zama littafin da aka buga a 1830, shekarar da ya kafa cocin. Sun ɗauke shi annabi, kuma duk wanda ya gaji shugabancin cocin har yau annabi suke kiransa. Ka ga ke nan abin ya taɓa tushen imaninmu kai tsaye, domin mu mun shaida cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne cikamakin annabawa. Wasu finafinan suna nuna wannan shiga kurmin ƙarara, da haske yana saukowa tsakanin itatuwa da kiɗa mai taushi. 'Ya'yanka kuwa Islamiyyarsu ta 'yan sa'o'i ce ranar Lahadi, a wajen malamin da ke fama da yara masu harsuna daban-daban. Ka auna da kanka wanda zai fi zama a ƙwaƙwalwar yaro.

Sai kuma ɗan gajeren nan, Johnny Lingo, wanda Jami'ar Brigham Young ta shirya a 1969, kuma da wuya ka sami ɗan cocin da ya tashi a Yuta bai san shi ba. A wani tsibiri ne, akwai wata yarinya Mahana da kowa ya raina, har ubanta yana kiranta mummuna. Mata a garin suna alfahari da yawan shanun da aka biya a aurensu. Da attajirin saurayi Johnny ya zo nema, uban ya ambaci shanu uku, mutane suka fashe da dariya, shi kuwa ya ce takwas zai ba da. Bayan wani lokaci aka ga Mahana ta zama kyakkyawa mai tafiya da natsuwa, domin ta san darajar da aka ba ta. Manufarsu mai kyau ce: wanda aka mutunta, ya kan miƙe. Amma da aka gama, Ummi ta juyo ta tambaye ni, "Kaka, ni shanu nawa za a biya?" Raina bai yi daɗi ba. Yarinya 'yar shekara bakwai ta tashi da fahimtar cewa ƙimarta tana hannun wanda zai zo ya yi tayi. Mu da muka fito daga inda ake ƙirga akwatunan lefe a gaban jama'a, ake tsegumin wadda aka kawo wa kaɗan, mun san ɓarnar da wannan tunani ke yi wa 'ya mace. A nan ne ake buƙatar uba ya jawo 'yarsa jikinsa ya gaya mata cewa a addininmu sadaki haƙƙinta ne, nata ne na kanta, ba kuɗin sayenta ba ne da ake miƙa wa uba, kuma darajarta tana nan cikakkiya tun kafin wani ya yi sallama a ƙofar gida. Fim ɗin ba zai faɗa mata wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne.

Akwai kuma wanda na cire daga jerin da hannuna, The Cokeville Miracle. Labari ne na gaske: a 1986 wani mutum da matarsa suka shiga makarantar firamare a wani ƙaramin gari a jihar Wayomin da bam, suka tsare mutum sama da 150, yawancinsu yara. Bam ɗin ya tashi, amma su biyun kaɗai suka mutu. Ba kalmar banza ko ɗaya a fim ɗin. Sai dai ka tuna 'ya'yanka a ƙasar da ake koya wa yara ɓuya a aji saboda 'yan bindiga suke zaune, kuma Litinin da safe makaranta za su. Ummi ba ta kai kallon wannan ba, ko kana kusa.

Kada ka ɗauka cewa nake a kwashe su duka a mayar. Akwai waɗanda suka taɓa ni sosai. Na farkonsu 17 Miracles, na 2011. Bayan an kashe Joseph Smith a 1844, an kuma kore su daga garuruwansu, Brigham Young ya kai su kwarin da kuke zaune yanzu a 1847. Talakawan da suka biyo baya daga Turai ba su da kuɗin keken shanu, sai aka yi musu amalanke, kowane iyali ya loda kayansa ya ja da hannu, tafiyar sama da mil 1,000. A 1856 wasu ayari biyu suka makara wajen tashi. Wani gogaggen matafiyi a cikinsu, Levi Savage, wanda ya san hanyar, ya miƙe a gaban taro ya roƙe su su dakata sai baɗi, ya ce sanyi zai riske su a duwatsu da mata da yara da tsofaffi. Shugabanni suka ga kamar rauni ne na imani, aka ƙi shawararsa. Bai yi fushi ya koma ba. Ya ce tunda sun ƙudura, zai bi su, ya ja tare da su, in mutuwa ce a mutu tare. Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. Dusar ƙanƙara ta rufe su a watan Oktoba, gari ya ƙare, mutum sama da 200 suka mutu a ayarin biyu. A tarihin tafiyar akwai wani yaro ɗan Sikotilan, James Kirkwood, mai shekara 11, da ya goyi ƙanensa ya haye da shi wani tudu cikin ƙanƙara, yana isa zango ya sauke shi ya faɗi, bai ƙara tashi ba.

Irin wannan labari, ɗana, ai zama ake a kansa. Ka tsayar da fim ɗin ka tambayi Abba: da kai ne Levi, za ka bi su ko za ka koma? Ka tambaye shi ko dogaro ga Allah yana nufin a ƙi jin maganar wanda ya san hanya. Sannan ka gaya musu cewa su ma suna da nasu masu hijirar. Ka ba su labarin sahabban da suka tsallaka teku zuwa Habasha, sarki Kirista ya ba su mafaka. Ka ba su labarin 1903, bayan yaƙin Burmi, yadda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira suka nausa gabas da ƙafa tare da ɗansa Mai Wurno, har suka kafa gari a bakin Kogin Nilu a Sudan, garin da ke ɗauke da sunansa har yanzu. Ka ba su labarin kakanninmu da suka riƙa tafiya Makka a ƙasa, shekara da shekaru, suna noma a hanya su sami guzuri, wasu a haife su a Chadi su yi wayo a Sudan. Maƙwabtanka sun yi wa masu amalankensu fim, yaransu har kwaikwayon tafiyar suke yi da rani. Namu ba wanda ya yi musu irin wannan, saboda haka in ba daga bakinka ba, ba inda Abba zai ji.

Ɗayan fim ɗin da ya taɓa ni shi ne Freetown, na 2015, wanda aka ɗauka a Gana. Samari shida ne 'yan mishan 'yan Laberiya da yaƙin 1990 ya rutsa da su a Monrobiya, wani ɗan cocinsu ya cusa su a 'yar ƙaramar motarsa ya nufi Saliyo da su, shinge bayan shinge, alhali ɗaya daga cikinsu ɗan ƙabilar da 'yan tawaye ke farauta ne. Na ji daɗin ganin baƙaƙen fata su ne masu labarin, ba masu jiran ceto ba. A The Other Side of Heaven kuwa, labarin saurayin da aka tura Tonga, duk da kyawunsa, Bature ne a tsakiya, mutanen tsibiri suna kewaye da shi. Yara suna lura da irin wannan ko ba su faɗa ba. Kuma akwai abin da dole ka gaya musu da kanka, tunda baƙaƙe ne suna tasowa a Yuta: har zuwa 1978 cocin nan ba ya naɗa baƙar fata a muƙamin limancinsa. Sun janye wannan a waccan shekarar, a 2013 kuma suka fito suka barranta daga hujjojin da aka riƙa kafawa a da. Yanzu suna da mabiya da yawa a Afirka ta Yamma, da babban ɗakin ibada a Akara tun 2004, da wani a Aba tun 2005. Ka faɗa musu duka biyun, abin da ya gabata da gyaran da aka yi. Gara su ji daga gare ka cikin adalci da su tsince shi a bakin wani yaro a filin wasa.

Ka kuma kiyaye, ba duk fim ɗin da ke maganar 'yan Mormon ne su suka yi shi ba. Big Love, da Under the Banner of Heaven, da Heretic, na waje ne suka shirya, na manya ne, kada ko kusa su shiga gidanka da sunan na iyali. Cocin ya sanar da daina auren mace fiye da ɗaya tun 1890, amma Hollywood har gobe can take komawa. Nasu finafinan kan tsallake abin kunya, kamar kisan matafiya kusan 120 da mutanensu suka yi a Mountain Meadows a 1857, na waje kuwa kamar ba abin da suke gani sai shi. Mu Musulmi mun fi kowa sanin zafin a ɗauki mafi munin cikinku a ce ku ke nan. Don haka kada in ji 'ya'yanka suna yi wa maƙwabta ba'a da abin da suka gani a allo.

Wasu kuma, in gaskiya za a faɗa, ba su da wani amfani. Irin su The Singles Ward barkwanci ne na cikin gida, sai ɗan cocin ke gane abin dariyar. Shi kansa Dutcher, da ya sanar a 2007 cewa ya bar bin cocin, ya yi wa abokan sana'arsa faɗa a kan irin waɗannan na arha da suka cika kasuwa har masu kallo suka gaji. Sa'a biyun yaro tana da tsada, kada a ɓata ta don kawai ba a yi zagi ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ka taɓa lura da gidan maƙwabcinka ranar Litinin da daddare? Motocinsu duka suna gida. Tun 1915 shugabanninsu suka umarce su da ware dare guda na iyali, a 1970 kuma aka tsayar da Litinin, aka hana sa wani taron coci a wannan dare. Uba da uwa da yara su zauna, a yi addu'a, a yi ɗan darasi, a yi wasa, a ci ɗan abin marmari, wani lokaci a kalli fim. Wato shi mai faifan nan, da ya kunna wa 'ya'yansa, yana zaune a wurin, kuma abin da fim ɗin ke faɗa shi ne abin da shi ma yake faɗa. Kai da fim ɗin ke faɗar abin da ya saɓa wa naka, kai ne kuma ka kunna ka ɗauki makullin mota. Faifan ka aro, ka bar musu zaman.

Na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga yadda kake haɗa aiki biyu, na kuma san mu nan gida muna cikin nauyin da ke kanka. To ni na yafe wani abu daga cikin abin da kake aiko mini, in dai zai saya maka yamma ɗaya a mako. Na faɗa wa gwaggonka, ita ma ta yarda. A wannan yammar a yi magariba tare, kai ne liman. Duk fim ɗin da za a kalla, ka riga ka kalle shi kai kaɗai ko kai da uwarsu. Rimot yana hannunka, ka tsayar inda ya kamata, ka bar su su yi tambaya ko da ta ba ka haushi, kuma da Hausa za ka amsa, domin na ji harshen Ummi ya fara nauyi.

Maƙwabtan kuwa, ka ci gaba da mutunta su. Na ga mutumin nan yana share muku ƙanƙara a ƙofar gida tun da asuba ba wanda ya roƙe shi. Kada ka mayar da faifan da ɗaurarriyar fuska. Ka gode musu, ka riƙe waɗanda ka zaɓa. In sun gayyaci yara wani taron coci, ka gaya musu a fili cikin ladabi cewa ku Musulmi ne, kuna son zumunci amma ibada kowa da tasa. Mutane ne da suka san darajar addini, za su gane. Da Sallah ku aika musu nama da abinci. In sun shigo kada a kawo musu shayi ko kofi, ba sa sha, addininsu ya hana. A dama musu zoɓo ko kunun aya.

Ku fara da 17 Miracles, amma ka san akwai jana'izar yara a ciki, in ka ga ya yi wa Ummi nauyi ka bar ta wajen uwarta. Freetown akwai bindigogi, Abba kaɗai ya isa kallonsa, shi ma kana gefensa. In kun gama ka kira ni, zan ba su labarin Burmi yadda kakanka ya ba mu. Ka gaishe da mai ɗakinka da kyau. Gwaggonka da ƙannenka duk suna gaisuwa.

Naka,
Baffa